Kalmar "Wergild" a Tsohon Ingilishi: Asalinta da Ma'anarta

Gabatarwa

Kalma takan rayu ne muddin al'adar da ta haife ta tana raye. Da zarar al'adar ta kau, sai kalmar ta koma ƙamus da kundayen tarihi. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi, wato "wergild".

Asalin Kalmar

"Wergild" harɗaɗɗen suna ne mai sassa biyu. Sashe na farko, "wer", yana nufin namiji, kuma tushensa ɗaya da "vir" ta Latinanci. Na biyu, "gild" ko "geld", yana nufin biya. Har yau "Geld" ita ce kuɗi a Jamusanci. Ke nan ma'anar kalmar ita ce kuɗin mutum. Ita "wer" ta daɗe da ɓacewa, amma ta bar ɓurɓushi a cikin "werewolf", wato mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, da kuma "world", wadda asalinta "weorold" ne, ma'ana zamanin ɗan'adam.

Ma'anarta

Wannan kuɗi shi ne abin da mai kisa da danginsa kan biya dangin mamaci domin a kashe wutar gaba, kada a shiga ɗaukar fansa. Dokokin Sarki Ethelbert na Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekarar 600, sun tanadi irin wannan biya. A masarautar Wessex, ran talaka ɗa sule 200 ne na wancan zamani, na basarake kuwa sule 1,200.

Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, sannu a hankali kisan kai ya zama laifin da sarauta ke hukuntawa. A cikin ƙarni na 12 al'adar ta gushe, kalmar kuma ta fita daga bakin jama'a.

Kammalawa

Mai fassara zai yi saurin kiran "wergild" da sunan diyya, kuma lalle akwai kama. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. A shari'ar Musulunci diyyar Musulmi namiji ɗa raƙuma 100 ce, sarki ne shi ko talaka, alhali "wergild" hawa take tana sauka gwargwadon muƙamin mamaci. Wanda ya fassara ta da diyya ba tare da ƙarin bayani ba, ya ɓoye wa mai karatu tsarin zaman al'ummar da ta ƙago ta.