Allurar RPM Tana Rawa? Ga Yadda Za Ka Gano Matsalar Kafin Ka Sayi Sabuwar Mita

Yau za mu leƙa dashbod ɗin mota, mu duba wata matsala da ke cin kuɗin masu motocin gudu irin su Toyota Celica, Honda Prelude da Nissan 350Z: allurar da ke nuna juyin inji ta riƙa tsalle, ko ta faɗi sifili mota na tafiya, ko ta maƙale wuri ɗaya.

A gareji da yawa, da zarar ka kai wannan ƙorafi sai a ce a canza mitar baki ɗaya, in ba ta daina ba a ce biren bokis ne. Alhali sau da yawa waya guda ce ta yi tsatsa. Wani lokaci kuma rawar allurar gargaɗi ne cewa injin na iya mutuwa da kai a tsakiyar hanyar Sakkwato zuwa Gusau, daidai lokacin da kake ƙoƙarin wuce tirela.

Daga ina allurar ke samun labari?

RPM na nufin yawan juyin da karanshaf ke yi a minti ɗaya. In allura tana kan 3, injin na juyawa sau 3,000 ke nan. A tsofaffin motoci mitar na ƙirga bugun wuta ne daga kwayil. Inji mai silinda 4 yana ba da bugu 2 a kowane juyi.

A motocin zamani akwai sensa kusa da wani faifai mai haƙora da ke juyawa tare da karanshaf. Sensar na ƙirga haƙoran ta aika wa kwamfutar inji, wato ECU, wadda makanikai ke kira biren bokis. Ita ce ke lissafa juyin ta tura wa mita. A motoci da dama saƙon na bi ta wasu wayoyi biyu da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Zango huɗu ke nan: sensa, kwamfuta, waya, mita. Dukansu kuma sun dogara ne da tsayayyar wuta da lafiyayyar wayar as.

Mataki na 1: Saurari injin

In allura ta hau kuma ƙarar injin ta hau tare da ita, mitar gaskiya take faɗa. Injin da ke hawa da sauka a silo galibi iska yake zuƙa ta wani tiyo da ya tsage, ko kuma maƙogwaron totur ya yi datti. In kuma ka taka totur juyi ya hau amma gudu bai ƙaru ba, kulocin ko giyar ne ke sulɓewa. Matsalar lantarki ita ce allura ta yi rawa alhali ƙarar injin ba ta sauya ba, ko ta faɗi injin ya shaƙe tare da ita.

Mataki na 2: Tambayi kwamfutar motar

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD-II. Motocin fetur na Turai sun bi sahu a 2001. Mafi yawan motocin Beljiyam da ke yawo a Sakkwato suna da shi. Ka samu ƙaramar na'urar nan ELM327, ka soka, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner.

Ga masu sha'awar rubuta manhaja: wayar na aika tambaya 010C, motar ta amsa da lambobi biyu. A ninka ta farko sau 256, a tara da ta biyu, a raba 4. In amsar ta zo 41 0C 0C 80, to 12 sau 256 a tara da 128 ya ba da 3,200, a raba 4 ya zama juyi 800. Silo mai kyau ke nan.

Yanzu sai ka kwatanta lambar waya da allura. In lambar tana tsaye allura na rawa, sensa da kwamfuta lafiyarsu lau, laifin yana mita ko wayar da ke zuwa gare ta. In lambar ma tana tsalle, matsalar tana can wajen inji, ko mita goma ka saya ba za ta gyaru ba. A nan ka duba lambobin kuskure: P0335 na nuna sensar karanshaf, P0340 ta kamshaf, U0155 kuma na nufin an daina jin duriyar mita a kan layin CAN.

Mataki na 3: Auna wuta

Da mitar auna wuta, batir mai cikakken caji yana ba da kusan bolt 12.6 in mota na kashe. In an tayar, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Sai ka juya mitar zuwa AC ka sake aunawa a kan batir. Altaneta wutar AC take haifarwa, diyod ɗin cikinta ke mayar da ita DC. In diyod ɗaya ya ƙone, ragowar AC na kutsawa cikin wayoyi ta rikita sensa. In ka ga ya kai rabin bolt, a sauke altaneta a duba. Alamarta ita ce fitilu su riƙa ƙyaftawa, rediyo na wani kuka da ke hawa da totur.

Kada ka bari a cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji. A motar da ke da kwamfuta, wutar na iya yin tsalle ta ƙona ECU.

Mataki na 4: Wayar as

Ka ɗora tsinke ɗaya a kan nagetif na batir, ɗayan a jikin inji, mota na aiki, fitilu da na'urar sanyi a kunne. In ya wuce bolt 0.2, wayar as ta yi rauni. Haka za ka auna tsakanin batir da bodin mota. In allurar mai da ta zafin inji su ma suna motsi lokacin da ka kunna sigina, kusan kullum as ɗin da suke tarayya a kai ne ya kwance. A kwance shi, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau.

Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu

A watan Afrilu zafi a nan yana haura digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Dalmar da ke riƙe da sassan mita tana buɗewa da rana ta tsuke da dare, har ta tsage. Shi ya sa za ka ga mota lafiya lau da asuba in ka fito daga Gidan Dahala, amma da azahar allura ta fara hauka. In ka ɗan bubbuga saman dashbod ta dawo daidai, dalma ce ko soket ɗin bayan mita, kuma mai gyaran rediyo ko waya da ya iya hannunsa zai sake narka ta.

Sensa ma zafi na kashe ta. A 2003 kamfanin Nissan ya yi kiranyen motoci a Amurka, ciki har da 350Z, saboda dalmar cikin sensar karanshaf da ta kamshaf na lalacewa da zafi har injin ya mutu ana tafiya. In motarka na mutuwa idan ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, kuma allura ba ta ko motsi lokacin da kake ba ta kik, fara da wannan sensar.

Sai ƙura da ruwan wankin inji, masu shiga soket su haifar da tsatsa. Ka kuma tuna da abin da aka ƙara wa motar kwanan nan: amfilifaya, fitilun ado, ko filogi marasa rezisto, domin duk suna iya jefa hayaniya cikin wayoyin sensa.

Saboda haka in za ka je wurin mai rewaya, tafi da lambobinka a rubuce: abin da waya ta nuna, wutar batir, da awon as. Ka bar ELM327 ɗin a soke kwana biyu manhajar na adana bayanai, domin irin wannan matsala ta saba ɓuya da zarar an isa gareji. Allah ya tsare mu a kan hanya.