CIWON DAJI NA BAKI DA MAƘOGWARO DA WUYA: AIKIN LIKITAN FIƊA

Yau maganarmu a kan ciwon daji ce, wanda waɗansu ke kira sankara, irin wanda ke kama baki, da harshe, da muƙamuƙi, da hanci, da maƙogwaro, da wuya. Ku kasa kunne, gama magana ce ta rai.

MENE NE CIWON?

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Wani lokaci waɗansunsu sukan yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari ko gyambo. Daga nan su sauka cikin kaluluwar wuya, in an ƙyale su kuma su kai huhu. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa wurin cin tuwo tare. Abin da ya fi jawo shi taba, ta sha ko ta gari da ake sawa a baki, da giya. Amma yakan kama wanda bai taɓa ko ɗaya ba.

ALAMUN DA ZA KU LURA DA SU

1. Gyambo a harshe, ko dasashi, ko leɓe, wanda ya kai mako 3 bai warke ba.
2. Murya ta dishe har mako 3, alhali babu mura.
3. Ƙari mai tauri a wuya, yana girma, ko da ba ya zafi.
4. Wuyar haɗiya, ko ciwon kunne guda wanda ya ƙi ji.
5. Ƙofar hanci guda ta toshe, da haɓo a kai a kai.
6. Muƙamuƙi ya kumbura, haƙora suna girgiɗi ba dalili.

Ba kowane ƙari ne daji ba. Maƙoƙo ma yakan kumbura wuya, hakanan tarin fuka. Likita kaɗai zai rarrabe. Saboda haka kada ku kai wa wanzami ya tsaga, kada ku shafa toka ko ku ɗaura ganye.

INA ZA A TAFI?

Ku fara da malamin asibitin ƙauyenku, shi zai ba ku takarda zuwa babban asibiti. Mutumin Kiyawa, ko Jahun, ko Buji, ko Gwaram yana da manyan asibitoci biyu kusa: Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Can likita zai duba. In ya ga aikin na gwanaye ne, sai ya tura ku Kano, Asibitin Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi. A Kaduna kuma akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na musamman domin ciwon kunne da hanci da maƙogwaro.

Da fari za a yanki ɗan nama kaɗan, bai fi ƙwayar wake ba, a duba da madubin likita. Da wannan ake tabbatarwa ko daji ne, kuma wane iri. Sa'an nan a ɗauki hoton cikin kai da wuya da ƙirji, a ga iyakar inda ya kai.

Na san abin da ake faɗi a zaure, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Ba haka ba ne. Yawancin masu ciwon ba su zuwa asibiti sai ya ci ƙarfinsu, in suka rasu kuma a ɗora wa wuƙar likita laifi. Jinkiri ne ya yi ɓarnar.

IRIN FIƊAR DA AKE YI

Ana sa mutum barci tukuna, ba ya jin kome sai an gama.

Baki da harshe. Likita yakan cire ƙarin duka, ya haɗa da ɗan lafiyayyen nama na kewaye, kamar mai noma da ke tumɓuke ƙuduji har saiwa. In ƙarin ƙarami ne, ɓangaren harshe kaɗan za a cire, mutum ya koma cin abincinsa da maganarsa.

Muƙamuƙi. In ciwon ya shiga ƙashi, akan yanke wurin, a sa ƙarfe, ko a ɗauko ƙashi daga wani wuri na jikin mai ciwon. Akan kuma juyo nama daga ƙirji a toshe gurbin.

Kaluluwar wuya. Sau da yawa akan kwashe ta tare, gama ita ce zangon farko na ciwon. Wani likitan Amurka, George Crile, ya bayyana wannan aiki tun 1906. Yanzu an ƙware, akan bar jijiyoyin da ciwon bai taɓa ba.

Maƙogwaro. In an zo da wuri, akan cire ɗan wurin kawai, ko a yi gashi, murya ta tsira. In an makara, sai a cire akwatin murya ɗungum. Likita Billroth ya fara yin wannan a birnin Biyana cikin 1873. Bayan aikin mutum zai riƙa numfashi ta wata 'yar ƙofa a gindin wuya har iyakar ransa. Tilas ya rufe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙurar hunturu, ya kiyaye ruwa wurin wanka, kada kuwa ya shiga rafi. Muryarsa ta da ba za ta komo ba, amma akan koya masa wata hanyar magana.

Cikin kwanakin farko akan ba mai jinya kunu da madara ta roba da aka zura a hanci, har ɗinki ya kama. Kada wannan ya tsorata ku.

WANDA BA NA WUƘA BA

Dajin da ke can bayan hanci gashi ne babban maganinsa, watau a haska wurin da wani haske mai ƙarfi wanda ke kashe ƙwayoyin ciwon, a haɗa da magani ta jijiya. Waɗansu kuma sai an yi musu gashi bayan fiɗa. Akan yi shi kwana 5 a mako, har mako 6 ko 7, wanda ya fara kuwa kada ya yanke. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Cikin 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Ku tambayi likitanku inda injin ke aiki kafin ku hau mota.

Akwai kuma wani mai kumbura muƙamuƙin yara da sauri, wanda Likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda cikin 1958. Shi magani yake ji ƙwarai, in an kai yaro da hanzari.

SHIRIN TAFIYA

Ku tafi da takardar asibiti da dukan hotuna. Ku tafi da ɗan jinya mai haƙuri, da 'yan'uwa masu iya ba da jini. Aikin yana cin kuɗi, gaskiya ce, saboda haka dangi su zauna tun da wuri su haɗa hannu. Amma ku tuna, ƙaramin ƙari ƙaramin aiki, ƙaramin kuɗi. Wanda ya ce sai bayan kaka, yakan tarar akuya ba ta isa ba, sai an sayar da sa. Maigida, in matarka ce, kada ka hana ta tafiya. Bayan an sallame ku kuma, ku riƙa komawa ranar da likita ya sa, ko da kun ji garau, ku bar taba har abada.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga ɗaya cikin alamun nan shida, a jikinsa ko a gidansa, ya je asibiti cikin makon nan. Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.