KIWON KAJI DA AGWAGI A GIDA DOMIN ƘWAI

Da wuya a shiga gida a ƙauye ba a iske kaji suna tono a tsakar gida ba. Amma in aka tambayi mai gida ƙwai nawa kajinsa suka yi masa bana, sai ya yi shiru, don bai taɓa ƙirgawa ba. Kazar gida da aka bari tana kiwon kanta ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara ba. Mutane suna cewa irinta ne haka. Da gaskiya a ciki, amma rabin laifin na mai ita ne.

Ga yadda shekarar kaza take tafiya. Takan yi kamar mako 2 ko 3 tana saka ƙwai, har su kai 12 ko 15. Sa'an nan ta yi kwanci kwana 21. In ta ƙyanƙyashe kuma sai ta shiga renon 'yan tsaki wata 2 ko fiye. Duk wannan lokaci ba ta ƙwai. Watau zubi 3 ko 4 ke nan a shekara. Saboda haka wanda yake son ƙwai ya raba wa kajinsa aiki. Ya zaɓi biyu ko uku masu iya reno su riƙa kwanci, sauran kuwa a riƙa kwashe ƙwansu kullum. Wadda ta nace wa kwanci a ɗauke ta daga gurbi, a sa ta a keji mai iska da haske kwana 3 ko 4, da abinci da ruwa. Ba da daɗewa ba za ta koma ƙwai.

Kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai. Amfaninsa ga ƙwan ƙyanƙyasa ne, zakara ɗaya kuwa ya ishi kaji 10. Sauran zakaru a sayar, don hatsi kawai suke ci. Wanda yake so ya gyara iri yana iya neman kajin da ake kira Shika Brown, waɗanda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya. Sun fi na gida ƙwai nesa ba kusa ba, amma sai da cikakken abinci.

ABINCI DA RUWA

Kaza mai ƙwai takan ci kamar gram 110 zuwa 120 a yini. Tono yana ba ta wani abu da damina, amma da rani kusan babu. Dusa da tsakin dawa ko na masara suna cika ciki, amma su kaɗai ba su yin ƙwai. Sai an haɗa da abin gina jiki, kamar ƙuli-ƙuli dakakke marar gishiri da yaji, da garin ƙananan kifi, da gara, da ganyen zogale. Ɓawon ƙwai kuma kusan dukansa sinadarin kalsiyum ne, a abinci kaza take samunsa. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙe, a ajiye musu a kasko dabam. Kazar da ta rasa shi takan yi ƙwai mai laushin ɓawo, wani lokaci ma ta koyi fasa ƙwai tana sha.

A yi hattara da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. A shekarar 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar guba ce daga funfunar garin gyaɗar da aka ba su. 'Ya'yan agwagwa sun fi kowane tsuntsun gida saurin mutuwa da wannan guba. Hatsin da mutum ya ƙi ci don ya lalace, kada a zuba wa kaji.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Kashi 3 cikin 4 na ƙwai ruwa ne, kaza kuma takan sha ninki biyu na abin da ta ci, da bazara fiye da haka. A ajiye kaskon a inuwa, a wanke shi kowace safiya.

MAKWANCI

Akurkin laka mai 'yar ƙofa ɗaya, wanda ba a iya sharewa, gidan ƙuma ne da ƙwarƙwata. A yi ɗaki mai tagogin waya don iska, da ƙofar da mutum zai shiga da tsintsiya. A gitta sanda su hau su kwana, taƙi guda ga kowace kaza. Gurbi ɗaya ya ishi kaji 5, a sa shi wuri mai ɗan duhu da busasshiyar ciyawa. A share kashin kowane mako a kai gona, taki ne mai ƙarfi. 'Yan tsaki kuma a rufe su da babban kwando mako 4 na farko, saboda shirwa da muzuru.

AGWAGWA

Agwagwar da aka saba gani a gidaje asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take. Tana da jimiri, ta kuma iya kwanci, amma ƙwanta sai ya kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe. Da yawa sukan ɗauka ɓara-gurbi ne, su zubar tun lokaci bai yi ba. Akwai wata irin da ake kira Khaki Campbell, wadda aka samar a Ingila don ƙwai. Nata kwana 28 ne, in ta sami kulawa kuma takan doshi ƙwai 300 a shekara, sai dai ba ta cika kwanci ba.

Agwagi da asuba suke ƙwai. In an sake su da wuri sai su yar da shi a ciyawa ko bakin kududdufi. A tsare su sai hantsi. Ba lalle sai da tafki ba. Kwano mai zurfin da za su tsoma kai su wanke hanci da ido ya isa. A raba makwancinsu da na kaji, don suna jiƙa ƙasa.

CIWO

Nan ne babbar hasara take. Ciwon Niyukasil, wanda wasu suke kira fakat, an fara gane shi a 1926, ya fi tsanani da lokacin hunturu. Kaza takan yi koren zawo, ta saki fiffike, ta riƙa haki, wuyanta ya karkace. Cikin mako guda yana iya share gida kaf. Ba shi da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa bayan wata 3 ko 4. A nemi malamin dabbobi tun kaka, kafin sanyi ya shigo, domin rigakafi ba ya ta da kazar da ta riga ta kamu.

Sau da yawa daga kasuwa ake sayo ciwon. Wanda kajinsa suka fara mutuwa yakan yi sauri ya sayar da sauran da araha. Duk tsuntsun da aka sayo a tsare shi dabam mako 2. Agwagwa tana iya ɗaukar wannan ciwo, ko murar tsuntsayen da ta ɓulla a Nijeriya a 2006, ba tare da alama ta nuna a jikinta ba. In kaji suna mutuwa farat ɗaya, a binne su da zurfi, kada a ci, kada yara su taɓa, a kuma sanar da ofishin dabbobi.

AJIYAR ƘWAI

A kwashe ƙwai sau 2 a yini, a ajiye a wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa. Kada a wanke, don ruwa yana cire kariyar da ke bisa ɓawon. A goge da busasshen tsumma. Mai saye yana iya gwadawa da kwanon ruwa: sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya taso sama ya daɗe.

Daga ƙarshe, a sami ɗan littafi a riƙa rubuta ƙwan kowace rana da kuɗin abinci. Da shi za a gane kazar da ke biyan hatsinta da wadda ta isa kai wa kasuwa. Kaji 10 da ake kula da su sun fi 30 da aka bar wa shirwa da sanyin hunturu.