Wace tukunyar kashe gobara ta dace da tsohuwar mota?

Masu Fijo 504 da Bitil, ku lura: tiyon fetur kan tsattsage da tsufa, kafireta na ɗiga kusa da inji mai zafi, balle a go-silon Legas. Ni dai shawarata mai hoda ce, wadda aka rubuta ABC a jikinta, aƙalla kilo 1. Tana kashe wutar fetur da ta wayoyi. Illarta, hodar na cin ƙarfe in ba a wanke da wuri ba. Mai CO2 ba ta ɓata inji, sai dai iska na kwashe ta a fili.

Kar a saya don tsoron 'yan Rod Sefti kawai a jefa a but. A ɗaure ta kusa da kujerar direba, a riƙa duba allurarta tana kan kore. In wuta ta tashi, kar a wage bonet, a ɗan ɗaga a fesa.