Kumbon Haya: Daren Da Falcon 9 Ta Ɗaga Da Mutum Biyu

Daren Asabar 30 ga Mayu, 2020, ba a cika mako guda da Ƙaramar Sallah ba, kullen korona kuma bai gama sakin gari ba. Muna idar da isha'i na jingina wayata a jikin buta a tsakar gida, ni da ɗan yayata da ke aji biyar na sakandare muka tsura mata ido. A can jihar Fulorida ta Amurka rana ce da sauranta, ana jiran ƙarfe 3:22 na yamma, daidai da 8:22 na dare a agogonmu.

Abin da ke fuskar wayar wata doguwar roka ce mai suna Falcon 9, tsayinta wajen mita 70, a tsaye ƙiƙam a dandalin harbi mai lamba 39A na Cibiyar Kennedy. A ƙoƙuwarta an ɗora kumbo mai suna Dragon, a cikinsa mutum biyu kwance rigingine cikin fararen kaya: Doug Hurley da Bob Behnken, dukansu tsofaffin hannu, kowanne ya taɓa zuwa sama sau biyu. Wani farin hayaƙi na ta tuɗaɗowa daga cikin rokar. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, anya ba wuta ta kama ba?"

Tsananin sanyi ne ya kawo hayaƙin. Rokar na shan tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, kuma idan tururin wannan ruwa ya fito ya gamu da danshin iskar bakin teku sai ya zama hazo. Amma tsoron yaron yana da tushe. Kamfanin SpaceX, mai rokar, sai 'yan sama jannati sun shiga an rufe musu ƙofa sannan yake fara ɗura mai, saura minti 35 a tashi, domin man da ya yi sanyi ƙwarai ya fi matsuwa a tanki, kuma ba a son ya jima ya ɗumama. Da can al'adar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ita ce a cika tanki tukuna sannan mutane su hau. An daɗe ana gardama a kan wannan, musamman da yake a Satumbar 2016 wata Falcon 9 ta tarwatse a dandali ana tsakar ɗura mata mai, ta ƙone da tauraron ɗan adam da ke kanta. Abin da ya kwantar da hankalin NASA shi ne injina takwas da ke jikin kumbon kansa, waɗanda za su fizge shi su gudu da shi idan rokar ta yi gardama. An gwada hakan a Janairun 2020, babu kowa a ciki, rokar ta tarwatse a iska, kumbon ya sauka teku lafiya.

Wannan zama namu na biyu ne. Ranar Laraba 27 ga wata mun ƙona data har saura minti 17, sai aka ce an fasa saboda hadari. Yaron ya yi tsaki ya ce me zai hana a ɗan jira gari ya washe, ko da minti goma ne. Tambayar tana da kyau, amsarta kuma ita ce rabin ilimin wannan tafiya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda suka nufa, ba a tsaye take tana jiran baƙi ba. Tana da hanyarta da take bi tana kewaya duniya, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashinta. Sai lokacin da juyawar duniya ta kawo dandalin harbi daidai ƙasan wannan hanya ne ake iya tashi, idan lokacin ya wuce an bar layi, kuma man da ke cikin Falcon 9 ba zai isa a karkato a gyara ba. Saboda haka ko a tashi a daƙiƙar da aka tsara, ko a zuƙe man a koma gida.

Ranar Asabar ɗin Allah ya nufa. Aka ƙirga daga goma zuwa sifili, injina tara suka kama lokaci guda, wuta ta cika ƙasan rokar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne nawar da ta yi da farko. Ka ce raƙumi ne yake miƙewa da kaya, daƙiƙu na farko kamar ba za ta rabu da hasumiyar ba. Dalili kuwa kusan duk nauyinta mai ne, tana ƙona shi tana raguwa, gudunta na ninkuwa. Kafin minti guda da 'yan daƙiƙu ta wuce saurin sauti, ta kuma ratsa wurin da iska ta fi matsa mata, wanda masu sharhi suke yin tsit idan an zo shi.

Daga nan sai ta fara kwantawa ta nufi arewa maso gabas, bisa tekun Atilantika. Mutane da yawa sun ɗauka roka sama take nufa kai tsaye, kamar kibiyar da aka harba tsakar ka. Alhali tsayin da ake nema ba wani abu ba ne: tashar tana wajen kilomita 400 ne daga doron ƙasa, kusan tazarar Kano da Abuja a kan titi. Wahalar tana wajen gudu a kwance. Ka jefa dutse, zai yi baka ya faɗo. Ka ƙara ƙarfi, zai faɗi can gaba. Idan ka jefa shi da gudun kilomita 28,000 a awa, a inda babu iskar da za ta tare shi, zai yi ta faɗuwa ita kuma ƙasa tana lanƙwashewa tana kauce masa, ba zai taɓa riskarta ba. Tashar a cikin wannan faɗuwa take tun da aka fara haɗa ta a 1998, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90, mazauna cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Shawagin da ake ganin suna yi ma daga nan yake. Ƙasa tana nan tana jan su da kusan duk ƙarfinta, sai dai su da ɗakin da kwanon abincinsu tare suke faɗuwa.

Minti biyu da rabi da tashi, gindin rokar ya mutu ya rabu, injin ɗaya tilo na sashe na biyu ya karɓa. A nan hoton wayar ya rabu biyu, kuma na lura yaron ya manta da mutanen da ke cikin kumbo, hankalinsa ya koma kan gindin da aka yar. Wannan ƙarfe mai tsayin bene hawa goma sha wani abu ya juyo da kansa, ya kunna wuta ya rage gudu, ya buɗe ƙafafu huɗu, ya dira a tsaye a kan wani faffaɗan jirgin ruwa mara matuƙi a tsakiyar teku, wajen minti tara bayan tashi. Hoton ya ɗauke daidai lokacin saukar, ya dawo sai ga ta a tsaye tana hayaƙi. Yaron ya ce wallahi haɗi ne. Na bar shi da shakkarsa a daren, domin ni ma da ban san an sha saukar da gindin roka a tsaye tun Disambar 2015 ba da na faɗi haka.

Can kuma cikin kumbon sai ga wata 'yar tsana mai ƙyalƙyali, siffar dabbar dainoso, tana yawo a iska gaban Behnken. 'Ya'yansu ne suka zaɓe ta, kuma aikinta kenan: idan ta tashi da kanta, an isa. Sun kwana a hanya suna bin tashar a baya, suna ɗaga hanyarsu kaɗan-kaɗan, sai bayan awa 19 kumbon ya manne da ita da kansa, kwamfuta na tuƙi. Ba'amurke Chris Cassidy da Rashawa biyu, Anatoly Ivanishin da Ivan Vagner, suka tarbe su. A jikin bangon tashar akwai wata ƙaramar tutar Amurka da jirgin sama jannati mai fukafukai Atlantis ya bari a Yulin 2011, a tafiyarsa ta ƙarshe, da sharaɗin sai wanda ya fara zuwa daga ƙasar Amurka zai ɗauke ta. Hurley na cikin waɗanda suka ajiye ta, shi ne kuma ya dawo ya ɗauka bayan shekara tara.

Shekara taran nan su ne asalin labarin. Bayan tafiya 135 da mutuwar mutum 14 a haɗurran Challenger a 1986 da Columbia a 2003, Amurka ta jingine jiragenta masu fukafukai. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, 'yan sama jannatinta suna tashi daga Baikonur a Kazakistan, farashin kujera na hawa har ya haura dala miliyan 80. Wanda ke neman aron jaki ba ya zaɓen ranar tafiya. A 2014, da rikicin Kirimiya ya ɓata tsakaninsu, wani babban jami'in Rasha, Dmitry Rogozin, har gatse ya yi musu cewa su nemi abin tsalle na wasan yara ya cilla su tashar.

A Satumbar wannan shekara ta 2014 NASA ta yi abin da ba ta saba ba. Da can ita ke tsara jirgi, ta biya 'yan kwangila duk abin da suka kashe har da riba, jirgin ya zama nata. Wannan karon ta ce fasinja take son zama: ga ƙa'idojin tsaro, ga kuɗi a ƙayyade, ku ƙera motarku, ku riƙe abinku, mu za mu yi shata. Boeing, wanda ya shekara aru-aru a harkar, ya samu dala biliyan 4.2. SpaceX na Elon Musk, wanda aka kafa a 2002, ya samu biliyan 2.6. Masu binciken kuɗi na NASA sun ƙiyasta a 2019 cewa kujera a Dragon za ta kama wajen dala miliyan 55. Maimaita amfani da kaya na cikin sirrin sauƙin. Kumbon da ya ɗauki Behnken, wanda suka raɗa wa suna Endeavour, shi ne ya sake tashi a Afrilun 2021 ɗauke da matarsa Megan McArthur, wadda ita ma 'yar sama jannati ce.

Sai dai ina ganin ana zuzuta kalmar "kasuwanci" fiye da kima. Dandalin 39A, inda Apollo 11 ya tashi a 1969, na gwamnati ne, haya SpaceX ya karɓa a 2014. Tashar da ake zuwa gwamnatocin Amurka da Rasha da Turai da Japan da Kanada ne suka gina ta. Kwangilar kai kaya ta NASA ce ta ceci kamfanin a ƙarshen 2008, lokacin da yake gab da durƙushewa. Ɗan kasuwa ya zo da dabara da zafin nama, wannan babu musu, amma gwamnati ce ta share filin, ta kafa rumfa, ta kuma zama babban mai saye. Masu cewa a bar wa 'yan kasuwa komai, gwamnati ta naɗe hannu, ba wannan labarin ne hujjarsu ba.

Kuma tsarin bai fito yadda aka zana shi ba. An ɗauki kamfani biyu ne don kada a sake dogara da ƙofa ɗaya. Kumbon Starliner na Boeing bai ɗauki mutum ba sai Yunin 2024, ya kuma samu matsalar injinan sarrafa shi da yoyon iskar hiliyom a hanya. NASA ta dawo da shi babu kowa a ciki, Butch Wilmore da Suni Williams da suka je da niyyar kwana takwas suka share wata tara, sai Maris 2025 Dragon ya sauko da su. An gudu daga dogaro da ƙasa ɗaya an faɗa dogaro da kamfani ɗaya, wanda ragamarsa ke hannun attajiri ɗaya. A ganina wannan rauni ne babba, ko da kuwa motar tasa ba ta taɓa ba da kunya da fasinja a ciki ba.

Ta wani ɓangaren kuma hayar ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da roka. A Afrilun 2022 kamfanin Axiom ya kai attajirai uku tashar da kuɗinsu. A Maris 2023 Sultan AlNeyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tashi a Dragon ya yi wata shida, azumin shekarar ya same shi a can, ya kuma zama Balarabe na farko da ya fita wajen tashar ya yi aiki. Bayansa da wata biyu Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni na Saudiyya suka bi. Mai tambayar yadda ake salla a inda rana ke faɗuwa sau 16, malaman Maleshiya sun zauna a kan mas'alar tun 2007 saboda ɗan ƙasarsu Sheikh Muszaphar Shukor, suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Kujerar dai har yanzu ta gwamnatoci ce da masu hannu da shuni, kuɗinta ya fi kasafin shekara na jami'o'inmu da yawa.

Hurley da Behnken sun dawo ranar 2 ga Agusta, 2020, lema huɗu ta sauke su a tekun Mekziko kusa da Pensacola. Ita kuwa tashar, wadda ba ta taɓa zama babu mutum ba tun Nuwambar 2000, kwananta ya kusa ƙarewa: an tsara yin aiki da ita zuwa 2030, kuma a Yunin 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai turo ta ta ƙone, ragowarta ta faɗa teku. Kafin nan, ana ganinta da ido daga ƙasar Hausa a wasu ranaku, bayan magariba ko gabanin asuba: haske ne fari mai ƙarfi, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, yana ratsa sama cikin 'yan mintuna. NASA na wallafa ranaku da lokutan wucewarta bisa kowane gari. A duba, a fito da yara tsakar gida su gani.