Kukan akwatin giya: ka saurari motarka kafin a sauke mata bwat

Direban da ke jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram ya san muryar motarsa kamar yadda uwa ta san kukan jaririnta. Ranar da wata baƙuwar ƙara ta fara fitowa daga ƙarƙashin sandar giya, hankalinsa ya tashi ke nan, domin sauke akwatin giya, wanda makanikanmu ke kira bwat, yana nufin kwanaki a gareji, babu lodi, babu kuɗin cefane.

Sai dai ba kowace ƙara ke kai mota ga wannan aiki ba. Sau da yawa ƙafar direba da kunnensa sun isa su nuna inda ciwon yake.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. Ka tsai da mota, ka bar inji yana aiki, giya tana firi. In ka ji gurnani, kana taka kuloci kuma ya yi shiru, to boris ɗin sandar da ke shigar da ƙarfin inji cikin akwatin ne ake zargi, don taka kuloci shi ke tsai da ita. In kuwa akasin haka ne, sai ka taka ƙarar ke tashi, laifin na boris ɗin kuloci ne. Cikin akwatin lafiya lau yake, ko da yake sai an ja shi baya kafin a kai ga wurin.

Na biyu shi ne ƙarar nan ta "ƙarrr" lokacin canza giya. Nan tambaya ɗaya ce: a giya nawa take yi? In a guda ce kawai, galibi ta 2 ko ta 3, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu ne ya cinye. In ko'ina take yi, har da ribas, kuloci ne ba ya saki sosai. A fara duba mansa ko wayarsa, gyaran ba shi da tsada.

Akwai kuma shewar da ke ƙaruwa da gudun mota. Kafin komai a duba man giya, don ƙarancinsa kaɗai na sa boris da haƙora kuka. A motoci masu ja da tayoyin baya, irin su Hiace da tsohuwar Fijo 504, giya ta 4 kai tsaye take miƙa ƙarfi. In ƙarar na nan a sauran giyoyi amma ta lafa a ta 4, makaniki ya san ya nufi sandar ƙasa ta cikin akwatin da boris ɗinta.

Wasu ƙararrakin ma ba na bwat ba ne. "Ƙas-ƙas-ƙas" da Starlet ko Corolla ke yi in an karya kwana, na kardan ne. Ɗan kukan da mota ke yi a ribas kuwa halinta ne, saboda haƙoran ribas a miƙe aka yanka su.

Man da aka tsiyaye shi ma shaida ne. Ƙyalli kamar na zinariya a cikinsa tagullar zobba ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai kauri a kan murfin tsiyaya alamar haƙora ko boris sun fara gutsurewa. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa da damina bayan an ratsa kwari. Wajen zuba sabo a bi abin da kamfani ya rubuta. Akwatuna da yawa GL-4 suke so, wani man GL-5 kuma yana cin tagulla.

Don haka in ka je gareji, kada ka tsaya ga "maigida, motar na ƙara". Ka faɗa masa a wace giya, a wane gudu, da kuloci a take ko a sake. Kuma kada ka ce bari in ƙara sawu ɗaya. Boris ɗin da ya fashe a hanya yakan tafi da haƙora, wani lokaci har da ƙoƙon akwatin, ga fasinjoji cike da mota a tsakiyar daji.