Darasin Murjani ga Masu Renon Itatuwa a Gombe

Tun da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin 3G a 2019, da burin dasa itatuwa miliyan ɗaya duk shekara, zancen dashe a Gombe ya koma na lissafi: nawa aka dasa bana? Garin da zaizayar ƙasa ke cinye wa gidaje dole ya yaba. Sai dai ba a cika tambayar wane iri ake reno ba, balle daga wace uwa aka samo shi.

Masu ceton murjani sun riga mu cin karo da wannan tambaya. Murjani halitta ce mai rai da ke gina tuddai a ƙarƙashin teku, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku ke fakewa. Idan ruwa ya ɗau zafi sai ya koɗe ya yi fari, in zafin ya daɗe sai murjanin ya mutu. A 2024 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta ce kashi 44 cikin 100 na nau'o'insa masu gina tuddai na fuskantar ɓacewa. Da farko ɓallo reshe ake yi a rene shi a mayar, amma reshe kwafin uwarsa ne. Abin da ya kashe ɗaya shi zai kashe dubu. Shi ya sa aka koma haɗa ƙwai da maniyyin iyaye daban-daban. A 2013 gidan tarihi na Horniman da ke Landan ya sa murjani ya saki ƙwai a cikin tanki, ta hanyar kwaikwayon ɗumin ruwa da hasken wata.

Mu ma muna da namu itatuwan da ke cikin haɗari. Madobiya, mai fure rawaya da rani bayan ta kakkaɓe ganye, wadda in an sare ta take zubar da jan ƙaro, an yi mata ɗibar karan mahaukaciya a Taraba ana lodin gungumenta zuwa Sin, har a 2018 aka dakatar da Najeriya daga cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Kirya kuwa gawayi na cin ta. Ƙwaran kaɗanya ba ya jure ajiya: in ba a shuka shi da ɗanyensa ba, an yi asara, kuma itacen kan kai shekara goma sha biyar kafin ya yi 'ya'ya. Dogon yaro ba ya sa mai reno wannan dogon jira, don haka shi ke cika ledar reno.

Reno kaɗai ma bai isa ba. Zafin 2023 ya hallaka murjani mai yawa da aka dasa a Fulorida. Haka dashen da ba a kare daga gatari da awaki ba.

Ya kamata ma'aikatar muhalli, da masana a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere, su bi daji su yi wa iyayen itatuwan da suka rage alama, su tattaro iri daga wurare da yawa kafin daminar baɗi.